Gurbin Mama a Wajen Wanki

A Luggere an san ni da baki. Tun ina 'yar sakandare, mai ruwa ba ya kawo mana jarkar da ba ta cika ba ya tafi lafiya, mai keke kuma ba ya sauke ni nesa da ƙofa in ƙyale shi. Mama takan dube ni ta girgiza kai ta ce, "Wannan bakin naki ban san inda kika ɗauko shi ba." Ni ma ban sani ba, don a wajenta dai ban gada ba. Mace ce wadda in ka taka ta a kasuwa ita za ta riga ka cewa sannu. Mutanen cocinmu suna yabon wannan hali nata, har fasto ya sha kawo misali da ita. Ni kuwa har yau in na tuna abin da halin ya jawo mata sai in ji ɗaci ya cika mini baki.

Da babanmu ya rasu, ya bar ta da ni da ƙannena uku a ɗakin haya. Wadda ta samo mata aiki wata nas ce 'yar garinmu, can hanyar Numan, cocinmu ɗaya, kuma tare suke zumuntar mata. Kowa Sista yake ce mata, har Mama da ta girme ta nesa ba kusa ba. A wani asibitin kuɗi take aiki a Nassarawo, na wani likita da ba mu san shi da wani suna ba sai Dokta. Ita ta riƙo hannun Mama ta kai ta gabansa ta ce, "Wannan ni na tsaya mata." Aka ba Mama wanki.

Sai mutum ya san yadda ake ɗaukar ƙananan ma'aikata a irin waɗannan wurare kafin ya gane sauran zancen. Ba a ɗaukar mutum daga titi. Wani ne zai kawo ka ya tsaya maka, daga ranar kuma an ɗaure ƙafarka da tasa: laifinka nasa ne, kukanka kuma abin kunyarsa ne. Sannan akwai abin da muke kira gurbi. In mai shara ko mai wanki ko maigadi ya bar aiki lami lafiya, tsufa ne ko mutuwa, gidansa ake fara tambaya ko akwai wanda zai maye shi. In kuwa da rigima ya fita, an rufe ƙofar ke nan, shi da danginsa, har wanda ya kawo shi sai ya daɗe yana sunkuyar da kai. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, amma babu mai wanki a Jimeta da bai san shi ba. Mama ta riƙe gurbin nan kamar yadda wasu ke riƙe gona. Takan ce mana ba ta da fili, ba ta da shanu, abin da za ta bar mana ke nan.

Wajen wankin yana bayan asibitin, gindin wata darbejiya, kusa da janareto. Manyan bahuna ne na roba, da famfon da ke kawo ruwa in ya ga dama, da igiyoyin shanya. Da safe ake tulo mata zannuwan gado a dunƙule, yadda aka yaye su daga kan katifa, da jininsu da amansu da duk abin da mai jinya ya bari. Safar hannu ana ba ta, irin siririyar nan ta likitoci, wadda ko murza biyu ba ta ɗauka take yagewa. Sai ta zuba omo ta kaɗa har kumfa ya taso, ta tsoma hannu cikin abin da ido ba ya gani.

A cikin zannuwan nan ne allurai suke. Nas ta cire wa mutum ƙarin ruwa, ana kiranta a wani ɗaki, sai ta ajiye allurar a gefen gado ta ce za ta dawo. Ba za ta dawo ba. Mai yaye gado ta zo ta naɗe zanin da abin da ke cikinsa. Mama tana kakkaɓe kowane zani kafin ta jiƙa, amma allura in ta maƙale a kafar ɗinki ba ta faɗuwa. Na daɗe ban san wannan ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne ta daina yanka attaruhu da hannunta, ni take miƙo wa wuƙa, in kuma gishiri ya taɓa yatsunta sai ta ja iska ta haƙora. Na tambaye ta, ta ce omo ne ke cin fata.

Lokacin da na gani da idona na riga na gama sakandare ina zaune a gida, ina kitso in an samu kai. Ni ke kai mata abincin rana. Ran nan ana irin zafin nan na kafin saukar ruwa, wanda ko tsuntsu ba ya tashi, na iske ta tana murza wani zani da ya ɓaci sosai. Ina ajiye kwanon sai na ji ta ce "Yesu!" a hankali, ta fizge hannunta. Allura ce babba, ta shige tsokar babban yatsanta har tana reto. Ta sa ɗaya hannun ta zare ta, jini ya biyo. Ba ta ko kalli ciwon ba. Waige-waige ta fara, ta ga ko wani ya gani.

Na ce, "Mama, zanin wa ne wannan?"

Ta ce na mutumin ɗakin gefe ne, wanda 'yan'uwansa suka ɗauke da safe. Na san shi, don na wuce ta tagar ɗakin kafin ranar na gan shi kwance, idanunsa sun yi rawaya kamar an shafa ɗorawa.

Na ce bari in je in kira Dokta. Ban kai ga ɗaga ƙafa ba ta cafke zanina da hannun mai jinin. Ban taɓa sanin tana da irin wannan ƙarfin ba. Ta ce, "Zauna." Ta matse yatsan, ta tsoma shi cikin ruwan bilic na cire tabon zannuwa, ta yage bakin wani tsumma ta ɗaure. Yadda ta yi shi cikin sauri, ba tare da neman komai ba, shi ya nuna mini ba yau ta fara ba.

Duk da haka muryata ta riga ta fita, Sista ta jiyo ta leƙo. Ta ga allurar a kan siminti, ta ga tsumman, fuskarta ta canza. Ita ce ta yi aiki a ɗakin gefe, mu duka mun san haka, babu dai wanda ya furta. Gaskiya ba ta yi mana tsawa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ta yi a gaban Mama da farar rigarta, ta kwance tsumman, ta goge wurin da auduga da sifirit, ta manna filasta.

Ta ce, "Sori Mama. Kai, sori. Aiki ne ya yi yawa, mu biyu ne kawai a dyuti."

Na ce, "Sori ba magani ba ne. A faɗa wa Dokta."

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta mayar da idonta kan Mama, kamar ni ba na wurin. Ta ce, "Mama, in kin ce a faɗa, ni ba zan hana ba. Amma zai tambaya wane ne ya bar allura. Kuma zai ce a ɗibi jininki. Kin tuna wancan matan da yake nan kafin ke."

Mama ta tuna, ni ma na san labarin, duk unguwa an sani. Matar da ke wankin kafin Mama ita ma allura ta soke ta, ta je ta faɗa kamar yadda hankali ya ce a yi. Aka ɗibi jininta. Abin da aka gani a jinin babu wanda ya sani har yau, amma kafin mako ya zagayo an ce mata ta huta a gida saboda lafiyar masu jinya. Daga nan magana ta fita cewa tana da ƙanjamau. Ƙosan da 'yarta ke soyawa a bakin layi aka daina saye. Ƙarshe tattara kayanta ta yi ta koma ƙauye, wadda ta kawo ta aikin ma ba ta daɗe ba ta bi bayanta. Gurbin da suka bari shi Mama ta samu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mama ruwan bilic ta shafa wa nata.

Ta ce wa Sista, "Tashi, kar ki ɓata rigarki. Ba komai." Ta ɗauki allurar da kanta ta jefa a kwalin da ya kamata a jefa ta tun farko.

A hanyar gida na yi ta faɗa har mutane suna waiwayenmu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Wadda ta ɗauke ni daga zaman makoki ta ba ni abin ciyar da ku, ita zan kai ƙara? Da wane ido zan dube ta ran Lahadi?" Na ce da idon da ita za ta dube ki. Ta ce, "Ke yarinya ce. Sista ta ce in na yi haƙuri, wata rana za ta yi miki magana a ɗauke ki. In na fita da rigima, ke da ƙannenki wa zai tsaya muku?" Na ce ni ba na son aikin da ke cin yatsun mutum. Ta ce yunwa ba yatsu kaɗai take ci ba.

Tsohuwar da muke haya a gidan ɗanta, Bafulatana ce 'yar Yola, muna ce mata Goggo, ta jiyo mu muna shigowa. Ba ta tambayi abin da ya faru ba, ta dai dube ni ta ce, "Munyal, 'yata. Haƙuri. Babba ba ya nuna ciwo." Ran Lahadi kuma aka yi mana wa'azin mai jimrewa har ƙarshe. Masallaci da coci ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya a garin nan ba, amma a kan cewa talaka ya yi shiru bakinsu ɗaya ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai sai daga baya na san shi. Ashe akwai allurar da ake yi wa wanda irin wannan ya same shi, in ya faɗa da wuri, akwai kuma ta rigakafin ciwon hanta da ya kamata a yi wa duk mai taɓa jinin mutane tun ranar da ya fara aiki. Ta rigakafin tana nan cikin firijin asibitin. Mama ce ke goge firijin in mai shara ba ta zo ba. A bangon da ke samansa an manna wata takarda mai hoton uwa da jariri, an rubuta rigakafi ya fi magani.

Shekaru suka wuce, yatsan ya warke, wasu suka huje suka warke. Na yi aure, auren bai zauna ba, na dawo ɗakin Mama da 'yata a baya. Ƙannena suna makaranta, duk a kan bahon wankin nan. Sai Mama ta fara gajiya. Ta dawo aiki ta kwanta a tabarma ba ta ko cire ɗankwali ba. Abinci ya fita ranta, ko miyar yakuwa da gyaɗa da take so sai ta ɗanɗana ta ture. Sannan idanunta suka fara sauya launi. Maƙwabta suka ce shawara ce, aka kawo rake, aka kawo saiwoyi a jarka. Ta sha duka. Cikinta ya soma tasowa alhali hannayenta suna ƙanƙancewa, sai ta riƙa ɗaura zani can sama tana yafa gyale a kai, cikin zafin Jimeta.

A asibiti take wuni, likita yana wuce ta safe da yamma, amma ba ta taɓa tsayar da shi ba. In ta hango shi zai shiga mota sai ta sunkuya cikin baho ta gaishe shi daga nan, don kada ya ga idanunta. Shi ma bai taɓa tsayawa ya ce ta ɗago ba. Sista ta gani, wannan ba na shakka, nas ce. Abin da ta yi shi ne ta riƙa kawo wa Mama maganin ƙarin jini a jakarta, ta ba ta a coci.

Ranar da ta kasa tashi, ni ta aika in yi wankin, ta ce in ce ta je ƙauye gaisuwa. Na je na yi, na faɗi ƙaryar yadda ta ce. Da na dawo na tarar ta yi amai da jini, ban tsaya jin ta bakinta ba, na tare keke muka kai ta babban asibiti a Yola. Ko a keken roƙona take kada in kai ta Nassarawo.

Likitan da ya duba ta matashi ne mai sanyin murya. Bayan an yi gwaje-gwaje ya zo ya zauna a bakin gadon ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ke shiga ta jini ya kwanta shekara da shekaru bai nuna ba, kuma ya riga ya yi nisa. Sista na tsaye a gefe, ta zo dubiya da fulas ɗin kunun gyaɗa. Ya tambayi Mama ko an taɓa yi mata ƙarin jini, ta ce a'a. Ya tambayi aikinta, ta ce wanki. Ya ce a ina, ta ce a gidajen mutane. Ya ce, "Mama, allura ko reza da wani ya yi amfani da ita ta taɓa yankarki?"

Ta dubi silin ta ce, "A'a."

Na ce, "Mama!" da ƙarfin da ya sa masu jinyar gadon kusa suka juyo. Na ce wa likitan a asibiti take wanki, allura ta soke ta ba sau ɗaya ba, ni shaida ce. Ya dube ta. Ta ce, "Yarinyar nan surutu gare ta, likita. Ƙaya ce ta tsintsiya." Sista tana ta juya murfin fulas. Likitan ya ce ko ma mene ne yanzu ba zai canza maganin ba, ya tashi ya wuce gado na gaba.

Da likitan da Sista suka fita na zauna ina kuka don haushi. Na ce mata yanzu kuma me ya rage da za ki ɓoye? Ta lalubo hannuna ta riƙe, tafin nata kamar busasshen ganye. Ta ce, "Likitoci duk sun san juna. In wannan ya ji, wancan ya ji. Na kusa kai ku gaci, kar ki ɓata mini a bakin ruwa."

Ba zan rantse cewa allurar mutumin ɗakin gefe ce ta kashe ta ba. Wataƙila wata ce kafin ita, ko wata bayanta, ko ma wani abu dabam. Babu wanda zai taɓa sani, don babu wanda aka bari ya tambaya a lokacin da tambaya take da amfani. Ta rasu da damina, muka kai ta gida muka binne ta kusa da babanmu. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Mama ta dafa nata ya nuna, amma ban ga ta kurɓi komai ba.

Da muka dawo aka yi zaman gaisuwa a Luggere. Matan zumunta suka zo da ankonsu da tulunansu na kiɗa suna waƙa a tsakar gida, Goggo ta ba da tabarminta duka. Ana nan sai ga motar Dokta, karo na farko da ya san hanyar gidanmu. Aka yi ta rububin kawo masa kujera. Ya sauke buhun shinkafa, ya zauna, ya yi magana mai daɗi, kuma na yarda har zuciyarsa yake faɗa. Ya ce tunda ya buɗe asibitinsa bai taɓa samun ma'aikaciya irinta ba. Ya ce wasu kullum suna ƙofar ofis, yau ciwon baya, gobe hannu, jibi a ba su kaza. "Amma wannan baiwar Allah, duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ta ce mini wani abu ya same ta ba." Mata suka ce Allah sarki. Fasto ya gyaɗa kai. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, na ji maganar ta taso mini tun daga ciki har ta iso harshena.

Sai ya ce ba ya son gurbinta ya fita daga gidan, ko akwai wadda za ta karɓa. Sista ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ga babban 'yarta nan, sa. Ni na tsaya mata." Tsakar gidan ta ɗauka da godiya, wata har da guɗa. Na dubi ƙannena uku a jere jikin bango, ƙaramar ba ta gama firamare ba. 'Yata tana barci a cinyar Goggo. Na haɗiye abin da ke harshena, ya wuce da ƙyar.

Ran Litinin Sista ta kai ni ofishinsa. Firijin yana nan a lungunsa, takardar uwa da jariri tana samansa, gefenta ya fara naɗewa. Dokta yana duba wani abu a tebur, ya ɗago ya yi mini murmushi ya ce, "Ina fata ke ma kamar mamanki ce, ba ki da yawan magana."

Na buɗe bakin nan da duk Luggere ta san shi, na ce, "Yes sa."

Na zagaya baya gindin darbejiya. An riga an tulo zannuwan a dunƙule. Tsumman da Mama ke yagar bakinsa yana nan rataye a reshe, saura kaɗan ya ƙare. Na gyara ɗaurin zanina, na zuba omo na kaɗa har kumfa ya rufe ruwan, na tsoma hannu.